Shekarar da Muka Binne Irin Gidanmu

Yanzu duk inda ka juya a fadamarmu ƙarar injin ban ruwa kake ji. Kafin rana ta fito wani ya ja igiyar nasa, na kusa da shi ya amsa, sai bakin gulbi ya ɗauka gaba ɗaya kamar kwaɗi a tsakiyar damina. Albasa da tafarnuwa da alkama sun rufe ƙasa a watannin da a dā ko akuya ba ta samun abin tsinka. Ban ce ba alheri ba ne, domin da shi nake ciyar da iyalina. Amma kunnena ya gaji. Wani lokaci ina tsakiyar ban ruwa sai in tarar na tsaya riƙe da tiyo, ina neman wani shiru da na sani ina saurayi, shirun bazara, lokacin da gari duka yake kasa kunne yana jiran abu guda.

Shekaruna sun ja kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zama a firamare, a kan bencin da 'ya'yanmu suka tashi, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malaminmu mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, mai haƙuri da tsofaffin yatsu. Kwanan baya ya rubuta mana layi biyu a allo don mu koyi karantawa: wanda ruwan sama ya daka ya jiƙe, Audu ya jiƙe. Da muka gama haɗa baƙaƙen da ƙyar, sai ya tambaye mu ko ruwan sama ne ya daki Audu. Aji ya ce ƙwarai kuwa. Wani daga baya ya ce, "To mi zai jiƙa shi, Malam, hawaye?" Aka yi dariya. Ni ma na buɗe baki zan ce e tare da jama'a, sai na ji muryar ƙanen mahaifina, wanda ya daɗe a ƙasa, kamar yana zaune kusa da ni. Malam yana ta bayani cewa mai yiwuwa Audu cikin kwata ya faɗa, ko matarsa ce ta watsa masa ruwan wanke-wanke. Ni kuwa na riga na bar ajin, na koma shekarun da aka datse gulbi a Goronyo.

Ƙauyenmu yana ƙasa da dam ɗin, a hayin gulbi. Kafin a gina shi, gulbinmu mai kwana ne da tashi. Da rani ya tsaya sai ya koma rairayi fari, da 'yan gurabe nan da can inda mata ke tona rijiyar hannu suna kwalfa da ƙoƙo. Shanun Fulani suna ratsa shi ba su jiƙa kofato ba. Da bazara ta kai ƙarshe, zafi ya hana kowa sakat, mutane sun gama sassabe sun kai taki gona, sai a zauna gindin itace a zuba wa gulbi ido. Ruwan sama yakan riga sauka can sama, wajen ƙasar Zamfara, kafin ya iso mu. Saboda haka wata safiya sai ka ji yara sun ɓarke da ihu, ka fita ka ga sabon ruwa yana rarrafowa a kan rairayi kamar maciji, ja wur, yana tura kumfa da karare da kashin shanu a gabansa. Rairayin yana tsotsa yana wani irin sauti kamar ana soya abu. Dattawa su tsaya a gaɓa su ce, "Manzon damina ya iso." Ba a cika kwanaki ba hadari ya haɗu a kanmu.

A kan wannan ne gidanmu yake yin binne. Binne shi ne ka shuka gero a busasshiyar ƙasa, ka bar shi ya jira ruwa a cikin rami. Idan ruwa ya zo da wuri, geronka ya tsiro tun maƙwabta suna neman sungumi, ya riga ciyawa tashi, ya nuna kafin yunwar tsakiyar damina ta kama gida. Idan ruwa ya yi jinkiri kuwa, ka ciyar da tururuwa da zabin daji. Ba kowa ke da zuciyar yi ba. Mahaifina, wanda muke kira Baba, da shi aka san shi. Shi ne babban gandu. Mu duka a ƙarƙashinsa muke noma, har da ƙanensa Baffa Altine da iyalinsa. Ban taɓa ganin gulbi ya kunyata Baba ba ina yaro, kuma ya ce shi ma bai taɓa ganin ya kunyata kakanmu ba.

Irin da muke binnewa ba na kasuwa ba ne. Zango ne, gero mai doguwar zangarniya, amma na gidanmu ya fita daban, domin tun kakanni ake tsince shi. Da kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, Baba zai bi gona shi kaɗai yana zaɓen zangarniyar da ta cika har wuya, ba ta da ƙwari ba ta da gibi. Waɗannan ake ɗaurewa daban a sa a can saman rumbu. Ko yunwa ta kai ina, ba mai taɓa su. Inna, mahaifiyata, takan ce wanda ya ci iri ya ci jikokinsa. Idan ta dama furarsa, baƙo yakan ajiye ludayi ya tambayi ko geron wane gida ne.

Sai aka zo da manyan motoci aka datse gulbi. Baffa Altine yana cikin waɗanda suka je cin rani wajen aikin, ya ɗauki kwanon kankare a ka har gashin tsakiyar kansa ya tafi bai dawo ba. Shi ne ya ga ƙofofin ƙarfen da ke tare ruwan da idonsa, ya ga yadda mutum ɗaya yake ɗaga su ya sauke. Mutum ne marar yawan magana, mai son ya juya abu a baki kafin ya haɗiye. Idan ka ce masa kasuwar Achida ta ci jiya, sai ya ce, "Ka je, ko ji kay yi?" Wannan hali nasa yana gajiyar da mutane, har da ni a lokacin, domin jinina yana tafasa, ban daɗe da yin aure ba, ina son in ga an yi abu an gama.

Bazarar farko bayan an rufe dam, wata safiya yara suka yi ihun da muka saba. Muka ruga. Ga ruwa yana tafe a kan rairayi, har ya fi na kullum yawa. Baba ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya juyo ya ce mini in je in ce wa Inna a sauko da iri a sussuka. Baffa kuwa ya tsuguna a gaɓa, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Yaya, wanga ruwa ba ya da labari."

Baba ya ce, "Ruwa ya zaka, kana cewa ba ya da labari? In anka yi ruwa gabas, gulbi na kawowa. Ga shi ya kawo."

"Gaskiya na, in anka yi ruwa shina kawowa. Amma yanzu ko ba a yi ba shina kawowa. Mutum na can da ƙarfe a hannu. In kura ta shiga garke awaki na kuka, Yaya, amma ba duk kukan akuya na kura ba. Wata yunwa taka ji."

Akwai wani taubashinsu, Nomau mai jirgin fito, wanda bakinsa ba ya hutawa. Yana jin haka ya ce, "To kai Altine wace akuya ta? Mai jin yunwa ko mai ganin kura? Tun da kad ɗauki kwanon Turawa a kai, ƙwaƙwalwarka tad daskare da siminti." Jama'a suka kwashe da dariya. Baffa ya ce, "Kai dai ka ji da jirginka, ɗan Sarkawa, rabin shekara shina kwance kamar mai shi."

Baba bai yi dariya ba. Ba mutum ne mai yin abu da ka ba, kuma ya san da dam ɗin kamar kowa. Ya tsaya ya yi tunani, sa'an nan ya kawo hujjar da ta ɗaure kowa a wurin. Ya ce, "Altine, kai manomi na. Wa ka taɓa gani ya buɗe rumbu ana tsakar bazara shina rabon hatsi, in ba ya hango sabo ba? Mutanen ga sun tara ruwa da wahala. Ba su zubar da shi sai wani ya iso musu. Tun da sunka saki, sabo ya shigo. Tun da sabo ya shigo, an yi ruwa gabas." Dattawa suka gyaɗa kai. Ni ma na ji maganar ta zauna mini daram, domin kowa a cikinmu ya san rumbu, kuma ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai ajiya da zai saki abinsa don wani dalili dabam.

Baffa ya ce, "Dam ba rumbunmu na ba. Suna saki don masu lambu na ƙasa, suna saki don mutanen birni su sha. Ban ce ba a yi ruwa gabas ba. Wataƙila an yi. Cewa niy yi gulbi ba ya iya gaya muna yanzu."

"To za a yi ruwa ko ba za a yi ba?" in ji Nomau.

"Ban sani ba."

"Kun ji malamin! Duk wanga dogon karatu, ƙarshensa ban sani ba."

Muka yi binne. Kuma Allah da ikonsa, kafin mako ya zagayo hadari ya haɗu ya zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Geronmu ya tsiro layi-layi. Daga ranar sunan Baffa ya koma Ban-sani-ba. Yara suna binsa da shi a hanya. Na tuna na same shi yana gyaran ƙotar fartanya na ce, "Baffa, ka ga dai Baba ya yi gaskiya." Bai ɗago ba ya ce, "Ya yi sa'a, ɗana. Makaho na iya jifa shi sami tsuntsu. Ba shi ka sa a ba shi baka gobe ba." A raina na ce baƙin ciki ne kawai na wanda aka kayar. Yanzu da furfura ta fito mini na gane abin da ya fi kowane kuskure haɗari shi ne wanda ya yi maka daidai karon farko.

Daminar ba ta ƙare yadda ta fara ba. Ambaliyar da take shiga fadama kowace shekara ta ciyar da shinkafarmu ba ta zo ba, domin an riƙe ta a sama. Shinkafa ta tsaya a busasshen laka ta ƙone. Gidan da ya saba cin shinkafa rabin shekara ya koma kan gero kaɗai, ga baki da yawa. Kafin bazara ta dawo, mai shiga rumbu sai ya sunkuya ya kakkaɓe ƙasa. Inna tana auna tsaba da tafin hannu, tana ƙara tafasa da rama don tukunya ta cika ido. Abin da ya rage mana a duniya shi ne dammunan irin nan da ke saman rumbu. Shekarun baya ko da binne zai ɓaci akwai abin sake shukawa, ko daga hatsin ci ne. A wannan shekarar babu. Jifa ɗaya gare mu.

Sai gulbi ya sake kawo ruwa.

Wannan karon ba a gaɓa aka yi maganar ba, a zauren gidanmu aka yi ta, da hantsi. Baffa ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Yaya, don girman Allah ka bari ruwa shi sauka bisa gonarmu. Ruwan da yad dake ka shi na ruwa. In mun jira, abin da za mu rasa 'yan kwanaki na. In munka binne ba a yi ruwa ba, mun rasa duka."

Baba ya ce, "'Yan kwanakin da kaka rainawa su na tsakanin yaran ga da yunwa. Ka leƙa rumbu? In ba mu riga kowa girbi ba, mi za su ci cikin Agusta, hujja?" Sa'an nan ya ce, "Bara hakanga kac ce. Mi af faru bara?"

"Bara an yi ruwa. Ba gulbi yak kawo shi ba."

"Kai dai ba ka iya cewa ka yi kure."

"To a raba, Yaya. A binne rabi, a bar rabi."

Nan ne na ga fuskar Baba ta canza. A gidan gandu, kalmar raba ba ta da daɗin ji, ko a kan me aka faɗe ta. Ya ce, "Iri kaka son a raba, ko gida?" Baffa ya mayar da hularsa ya ce, "Allah shi huci zuciyarka." Inna tana bayan zana tana ji. Da aka miƙo mata dammunan ta karɓa, amma ranar ba ta yi waƙar sussuka ba. Sautin taɓarya kawai muke ji.

Har yau ina ba Baba uzuri. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Yunwa ce a gabansa, ga abin da ya gada, ga kuma bara da ta tsaya masa shaida. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne ɗaya bayan ɗaya: ruwan gabas yana cika gulbi, gulbi ya cika, bara an dace. Wurin ɗaura su ne igiyar ta zame. Baffa kuma ba shi da abin da zai miƙa wa mai jin yunwa sai ban sani ba, ita kuwa ba ta shiga tukunya. Da safe Baffa ne ya riga kowa ɗaukar sungumi. Muka bi gona muna sara, yara da tsofaffin mata suna biye suna jefa ƙwaya suna rufewa da diddige. Ƙasar tana da zafi har cikin tafin ƙafa. Muka juye ƙoren iri har ƙwayar ƙarshe.

Daga nan sai jira. Kullum da yamma gabas ta yi duhu kaɗan, iska ta taso ta watsa mana ƙasa a ido, ta wuce. Gulbi ya yi kwanaki yana gudu, sa'an nan ya janye kamar yadda ya zo. Zabin daji suka gane gonar. Tururuwa suka ja layi, kowace da ƙwaya a baki, kana tsaye kana kallon abincin shekara yana shiga rami. Muka sa yara kora, amma wa zai kori tururuwa? Abin da ya ƙarasa mu shi ne wani yayyafi da aka yi wata rana da azahar, wanda bai wuce ya kwantar da ƙura ba. Ya isa ya ta da ƙwayar da ta rage, bai isa ya riƙe ta ba. Gero ya fito sirara kamar allura, kore shar, har mutane suka fara yi wa Baba barka. Rana ta buɗe a kansa. Muna gani ya yi fari, ya lanƙwashe, ya kwanta. Baba yakan je gonar da sassafe ya tsaya a tsakiya, hannuwansa a baya, sa'an nan ya dawo gida. Har Nomau ya daina barkwanci.

Da ruwan gaske ya zo, ya zo da yawa. Gari ya waye da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kowane gida ana fitowa da sungumi da ƙwarya, ana kiran yara. Gidanmu kaɗai ba motsi. Ban taɓa jin safiya mai nauyin wannan ba. Maƙwabta ba su da abin da ya wuce nasu, shekarar ta taɓa kowa. Inna ce ta ce a je Marnona wurin yayanta, ko Allah zai sa ya rage wani abu. Na ɗaura wa jaki akumari. Na ɗauka ni kaɗai za a aika, sai na ga Baba ya fito da sandarsa, mutumin da bai taɓa roƙon ƙwayar hatsi a gidan kowa ba, balle gidan surukai. Muna fita Baffa ya biyo mu, ba wanda ya kira shi.

Kawu ya karɓe mu da mutunci. Bai bari Baba ya ƙarasa maganar ba ya sa aka auno mana abin da ya samu, wani gajeren gero da ya saya a kasuwa, wanda shi kansa bai san asalinsa ba. Baba ya zuba kaɗan a tafin hannu ya duba, ya mayar, ya yi godiya.

A hanyar dawowa muka iso mashigi. An kwana ana ruwa, ko'ina tabkuna sun cika, amma gulbi iyakarsa idon sawu, domin an rufe ƙofofi ana tara na bana. Jirgin Nomau yana kife a kan rairayi. Baba ya tsaya a tsakiyar ruwan, ya dubi sama da gulbi, ya dubi ƙafafunsa.

Ya ce, "Altine, an yi ruwa, gulbi bai zaka ba."

"Na gani, Yaya."

"To da mi mutum za shi sani yanzu?"

"Sai shi tona gonarshi da hannu."

Ba mu biya gida ba, gona muka wuce, aka aika yara su kawo sungumi. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya damƙo ta ya matse. Ta dunƙule ba ta warware ba. Ya ce wa Baffa shi ma ya sa nasa hannun. Baffa ya sa, ya ce ta sha.

A al'adarmu babban gandu ne yake yin saran farko, ba mai sa sungumi a ƙasa kafin shi. Baba ya miƙe, ya karɓi sungumi daga hannuna, ya juya ƙotar ya miƙa wa ƙanensa a gaban yara da mata.

Ya ce, "Karɓi. Kai ka da gaskiya."

Baffa ya dubi sungumin, ya dubi buhun da ke kan jaki. Idonsa ya kawo ruwa. Ya sa hannuwansa a baya.

Ya ce, "Mi zan yi da gaskiya, Yaya? Iri nika so, shi ko ya tafi. Sara mu shuka na mutane."

Baba ya daɗe riƙe da sungumin. Sa'an nan ya ce bismillahi, ya sara, muka bi bayansa.